Ƙaruwa Ba Ƙari

Ubana majemi ne a Bagalam.
Na tashi cikin warin bagaruwa da fatar jar akuya,
ina kallon hannunsa yana murza mai a kirgi
har ya yi laushi kamar kunnen ɗan maraƙi.
Yakan ce: fata ba ta ƙin miƙewa,
gaggawa take ƙi.
Ban san aikina yake koya mini ba.

Daren Laraba, ruwa na dukan kwanon likita,
wuta ta ɗauke, inji ya yi tari sau biyu ya tashi,
aka shigo da Tsahara daga Jiratawa,
cikin fari, haƙora a cije,
gwaggonta Kuluwa na biye da buta da ƙullin tsumma
tana faɗin: yunƙura, ɗiyata, yunƙura ki huta!

Na ce: Gwaggo, koma wajen kanta.
Riƙe mata hannu, ki bar cikin.
Ba buhun gero ba ne da za a danne ya zube.

Na san Tsahara tun ranar awo.
Na ce mata, in wata tara ya kama,
ta wanke hannu, ta lakaci man gyaɗa,
ta riƙa murza wurin a hankali kowane dare.
Ta rufe fuska da gyale tana dariya.
Amma ta yi. Hannuna ya shaida.

Kwanta ta gefen hagu, na ce,
ko ki durƙusa in ya fi miki.
Ke ɗiyar manoman rani ce, kin san halin ruwa:
a buɗe masa hanya gaba ɗaya, ya karya kunya,
a sake shi kaɗan-kaɗan, ya shayar da albasa.

Na tsoma ƙyalle mai tsabta a ruwan ɗumi,
na gwada a wuyan hannuna,
na dafa mata inda fata ta yi tauri tana sheƙi.
Tafin dama ya tokare ƙasa,
yatsun hagu a kan gashin da ya leƙo.
Ba hana shi fitowa nake ba,
sallama nake koya masa.

Ta ce: Inna Barira, wuta! Kamar an zuba tanka!
Na ce: to nan ne. Bar yunƙuri.
Hura, hura, kamar kunu ya yi zafi a ludayi.
Kuma.
Kuma.

Ni ba wanda ya ce mini hura.
Shekara talatin ke nan, a ɗakin kakata,
mace biyu a kan cikina, reza a hannun ta uku.
Na yi arba'in ina zama da ɗuwawu ɗaya,
ina murmushi ga masu barka.
Wai sunansa ƙari.
Wane irin ƙari ne yake rage mace?

Ba kullum nake dacewa ba.
Akwai daren da kan ya fi ƙarfin dabara,
in ɗauki allura, in kashe zafi, in ɗinke tsaf,
in ce mata ba laifinki ba ne, ki dawo in duba.

Amma yau goshi ya zo, ya tsaya, ya ja baya,
ya sake zuwa.
Gira. Hanci. Haɓa.
Kafaɗa ɗaya, sannan ƴar'uwarta,
sai ga mutum sulluɓ a hannuna,
mace, da muryar da ta fi ruwan sama.

Na jawo fitila, na duba a natse,
sama, ƙasa, ciki.
Kuluwa ta kasa tambaya, idonta ke yi.
Na ce: ƙaruwa muka samu, Gwaggo, ba ƙari.
Ta yi guɗa har mai gadi ya leƙo.

Da asuba na iske Tsahara zaune daram,
ƙafa a tanƙwashe, tana shan kunun kanwa.
Na mayar da allura da zare cikin akwati
yadda suka zo, ba a ɓare ledarsu ba.